Wai lakcar hana shaye-shaye da ake wa yara a makaranta tana aiki kuwa?

Malamar JSS:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen malamai da ma'aikatan lafiya da iyaye in akwai su a nan. Ni malama ce a wata sakandare mai zaman kanta a cikin Kano, maza da mata ne, 'yan JSS nake koyarwa, to wannan zangon firinsifal ɗinmu ya ɗora min kulob ɗin yaƙi da shaye-shaye ya ce in tsara abin da za mu yi a shekara in kawo masa. Na karɓa da hannu biyu don wlh abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, amma abin da muka saba yi ɗin ne hankalina bai kwanta da shi ba.

Abin da muka saba shi ne sau ɗaya a shekara a gayyato baƙi, a tara yara kaf a filin asambuli cikin rana, a kafa lasifika, a baje kaya a kan tebur ana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, wannan tiramol ce wannan roci ce wannan kodin wannan sholisho, a nuna hotunan waɗanda suka haukace suna bin bola, a ce duk wanda ya taɓa to ƙarshensa kenan, yara su ɗaga hannu su yi alƙawari, a raba biskit da ruwan leda a ɗauki hoto a watse. Bara ina tsaye a bayan layi, na gaba suna saurare na baya suna ta ƙus-ƙus, da kunnena na ji wani ɗan SS1 yana ce wa abokinsa wai waccan da aka ɗaga ai ba ita ce mai ƙarfin ba akwai wacce ta fi ta. Yaron da bai wuce sha biyar ba fa. Kuma kafin zangon ya ƙare sai da aka kama biyu a bayan banɗaki da robar lemo an haɗa ta.

To tambayata, tsakani da Allah wannan lakcar tana hana yaro farawa kuwa? Akwai inda aka taɓa bin diddigi aka gani, ko dai muna yi ne kawai don a ce an yi? In bata aiki me ke aiki? Sannan shi firinsifal yana so a fara yi wa yara gwajin fitsari duk wanda aka samu a kore shi, ya ce in faɗi ra'ayina a kan wannan ma. Ni dai bana so in ɓata shekara guda a kan abin da ba zai amfani yaran nan ba, wasunsu tun suna JSS1 nake tare da su har iyayensu na sani. Na gode.

Abban Sadiq:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da kika damu da 'ya'yan mutane. Ni ba ɗan boko bane sosai, kasuwa nake, amma uba ne ina da samari a gida. A nawa ganin kar ki raina lakcar nan, tsoro yana aiki. Mu da muka taso abin da ya hana mu kusantar wiwi mun ga yadda ta mayar da wasu a unguwa, kuma mun san in Baba ya ji to kashinmu ya bushe. Yaran yanzu basa tsoron kowa shi ya sa. Ku tuna 2018 da BBC ta yi rahoton nan na kodin aka nuno matasa ɗaure da sarƙa a wani gidan gyaran hali a nan Kano, ai ko kwana biyu ba a yi ba gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Kafin nan ma Majalisar Dattawa ta ce kwalba miliyan 3 ake shanyewa kullum tsakanin Kano da Jigawa. Da ba a nuna wa mutane abin ido da ido ba da har yau ana nan ana musu.

Ni ƙari ma zan ce ki yi, ki nemi izini ki kwashi manyan cikinsu a mota ki kai su su ga masu jinya da idonsu, gani ya kori ji. Ki kawo malamin addini ya gaya musu hukuncin duk abin da ke gusar da hankali, don yaron da ya san Allah yana ganinsa ko a bayan banɗakin ne zai ji nauyi. Gwajin fitsari kuwa ina goyon baya ɗari bisa ɗari, in makarantar 'ya'yana za ta yi da kaina zan biya kuɗin. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, in an samu mai sha a cire shi tun kafin ya koya wa saura. Kuɗi muke biya Malama, ba za mu kai yaro lafiya lau a dawo mana da shi yana layi ba.

Ɗan Zariya:

Malama sannu da ƙoƙari, Alhaji barka da kasuwa. Ni ɓangaren lafiyar al'umma na karanta kuma na yi aiki da makarantu, bari in faɗi abin da na sani, ku yi haƙuri zai yi tsawo.

An bi diddigi Malama, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma irin lakcar da kika kwatanta bata hana yaro farawa. Tana ƙara masa sani kam, in kika yi masa jarrabawa washegari zai jero miki illolin tiramol tas, amma sani daban, abin da zai yi ranar da amininsa ya miƙo masa daban.

Babban misali Amurka ce. A 1983 'yan sandan Los Angeles suka fara wani shiri mai suna DARE, ɗan sanda ne zai shigo aji da kakinsa ya koyar da 'yan ƙarshen firamare illar ƙwaya da yadda za su ce a'a, kuma ba sau ɗaya a shekara bane irin namu, darasi 17 ne a jere. Iyaye suka so shi 'yan siyasa suka so shi, ya bazu har ya kai wajen kashi 75 cikin 100 na gundumomin makarantun ƙasar, aka narka masa kuɗi ba na wasa ba. Sai masu bincike suka bi yaran. Akwai wanda aka yi a jihar Kentucky aka fitar a 1999, yara wajen dubu aka bi shekara 10 har suka kai shekara 20 da haihuwa, waɗanda aka yi wa DARE da waɗanda ba a yi wa ba shan sigarinsu da giya da wiwi duk ɗaya ne babu bambanci. A 2003 ofishin binciken majalisar dokokinsu ya sake dubawa ya ce haka abin yake. Sai a 2009 masu shirin suka jingine tsohuwar manhajar suka ɗauko wata. Shekara sama da 20 kenan ana abu kowa yana yabawa alhali baya hana komai.

Dalilin kuma ba ɓoyayye bane. Kin ce wa yaro duk wanda ya taɓa zai haukace, shi kuma ya san ɗan adaidaitan layinsu yana watsa biyu da shayi kullum da safe ya fita aiki ya dawo da kuɗi bai ga ya haukace ba, to daga ranar ya daina yarda da ke har da gaskiyar da kika faɗa. Ɗan shekara 14 baya lissafin abin da zai same shi yana 30, lissafinsa kar a kira shi ragon maza a majalisa yau da yamma. Ga kuma baje kaya a tebur ɗin nan, wanda bai san suna da kala ba an koya masa, shi ne abin da kika ji a bayan layi. Sai wanda ya fi damuna, yawan cewa matasanmu duk sun lalace kowa sha yake, wannan maganar tana sa yaro ya ɗauka shi kaɗai ne aka bari a baya. Binciken da UNODC, wato ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi na 2018 ya ce kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka sha wani abu a shekarar da ta gabace shi, mutum miliyan 14.3 kenan, a Kano kashi 16. Adadi ne mai tayar da hankali ba musu, amma juya shi ki gani, a cikin mutum 100 sama da 80 basa sha. Wannan ne yaro ya kamata ya ji, cewa shi da baya sha shi ne tare da jama'a.

Alhaji, rahoton BBC ya yi aiki ne a kan manya masu riƙe da doka, kunya ta kama su suka motsa, wannan daban ne da yaron da ke tsaye a lungu. Batun kai su su gani da ido kuma an gwada makamancinsa a Amurka, ana kwasar yara masu ƙiriniya a kai su gidan yari fursunoni su tsorata su, da aka tattara binciken sai aka ga waɗanda aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya. Ban da haka masu jinyar nan marasa lafiya ne 'ya'yan wasu ne, bai dace a mayar da su abin kallo ba.

To me ke aiki? Akwai shirin da ake kira Unplugged, a Turai aka tsara shi aka gwada a ƙasashe 7 da yara wajen 7,000 'yan shekara 12 zuwa 14 a tsakanin 2004 da 2005. Darasi 12 ne, awa ɗaya-ɗaya, kuma malamin da yaran suka sani ne yake yi bayan an ba shi horo na 'yan kwanaki, ba baƙo ba. Ba tsayawa ake a gaban allo ana zuba ba, yara ake rabawa ƙungiya-ƙungiya, a ce kowa ya ƙiyasta cikin sa'o'insa 100 nawa ne ke sha sannan a nuna musu ainihin adadin, a yi ɗan wasan kwaikwayo wani ya zama mai tayi wani ya zama mai ƙi, a sake a sake har bakinsa ya saba da cewa a'a ba tare da ya rasa abokin ba, a koya musu yadda ake shiga cikin sabbin mutane, yadda ake yi da fushi da baƙin ciki, yadda ake yanke shawara. An ga raguwar buguwa da shan wiwi a yaran da aka yi wa. Kuma an kawo shi Najeriya, UNODC da ma'aikatar ilimi ta tarayya da NDLEA da NAFDAC suka gwada shi a makarantun gwamnatin tarayya 32 wajen 2015 zuwa 2016, abin da ya fito fili shi ne shan giya ya ragu, musamman a ƙananan cikinsu. To ki nemi littafin malami na wannan shirin tunda an riga an daidaita shi da nan.

Amma abu biyu. Na ɗaya kar ki sa ran mu'ujiza, ko shirye-shiryen da suka fi kyau raguwar da suke kawowa kaɗan ce, sai dai kaɗan ɗin nan in an lissafa da yawan yara rayuka ne. Na biyu kar a yanke shi a ce darasi 12 sun yi yawa a dunƙule su a rana ɗaya. A Brazil sun ɗauki wannan shirin suka sassauya wasu darussan, da aka auna sai aka ga yaran da aka yi wa sun fi saurin fara ɗanɗana giya, dole suka koma suka gyara. Kuma ana so a riƙa tisawa a shekarar gaba da ta gabanta, kamar hadda ce in ba a bita zubewa take.

Na Daina:

Slm. Malama ni bansan bincike ba amma nasan abin daga ciki, nasha na daina da ikon Allah, shiyasa nace bari in saka baki.

Ina JSS3 na fara kuma wlh lokacin nasan illarta, a darasin Sibik ma an koya mana har ta fito a jarrabawa na ci. Yadda abin ya faru ƙwallo muke bugawa da yamma, akwai wani babba a cikinmu da kowa ke so ya kula shi, ana hutun rabin lokaci ya ɓallo rabi daga sacet ya miƙo min yace sha bazaka gaji ba, yaran duk suna kallona, ba wanda ya tilasta min ba wanda ya zare min ido, kawai bansan me zance ba ne da bazai sa a yi min dariya ba, na karɓa na kora da ruwan leda. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Hoton mahaukacin da aka nuna mana ko faɗo min a rai bai yi ba, saboda wanda ya miƙo min ba mahaukaci bane, shi yafi kowa iya ƙwallo a unguwar. Shiyasa maganar Yaya Ɗan Zariya ta wasan kwaikwayo ta shige ni, da ace na taɓa gwada amsar a bakina ko sau ɗaya, ko ince cikina ke ciwo ko ince inada olsa, da wataƙila na tsallake ranar.

Sannan lokacin gidanmu ba daɗi, an saki mahaifiyata ina hannun matar uba, in na dawo makaranta ba mai tambayata ina zani ina na fito, in kwana a waje ma ba lallai a lura ba. Ƙwayar ita ke sa in daina tunani. Wannan ba lakcar da zata taɓa shi.

Baba Abban Sadiq da girmamawa, ni an kore ni ɗin. A SS1 aka kama ni aka fito dani gaban asambuli aka zane ni aka bani takarda. Kafin korar rabi nake sha in za a buga ƙwallo, bayan korar tun safe ina daba har dare don ba inda zani, cikin 'yan watanni na koma kan tiramol mai ƙarfin 225, na haɗa da roci, na fara ɗauke-ɗauke a gida, har faɗuwa na taɓa yi ina ta fizge-fizge a bakin titi. Waɗanda na sani a makaranta kuma ban daina ganinsu ba, a bakin get nake jiransu a tashi, to kaga korar bata raba ni dasu ba ma. Wanda ya ceto ni kawuna ne da ya ɗauke ni ya kaini asibiti sannan ya sani a shagon gyaran waya ya zauna min a kai, baya zagina amma kullum sai ya san inda nake. Malama in kina da yaron da ya fara bacci a aji, ya rame, ya canza abokai, makinsa ya faɗi, ki kira shi ke dashi kawai ki tambaye shi me ke faruwa a gida. Ni ba wanda ya taɓa tambayata.

Mushe Damagaram:

Gaisuwa gare ku daga Nijar. Ni ma malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a kwaleji nike koyarwa. Matsalar guda ce, mu nan tramol muke ce mata, kuma mai tallar magani a faranti ko a bayan keke ba ya tambayar yaro shekarunsa. Abin da nike son in ƙara shi ne, ko da shirin lakwal ya yi kyau iyaka ya taɓa wanda ke cikin lakwal. Waɗanda suka fi sha a wajenmu ba su cikin aji, 'yan kabu-kabu ne da 'yan ga-ruwa da masu aikin ƙarfi, da samarin da suka tafi haƙar zinariya Jado suka dawo da ita a jiki, su kuma ba don nishaɗi suka fara ba, don su iya aikin ne. Da dare su ne ke zaune a fada, wato majalisar samari, ana dafa shayi, kuma ɗalibina da na yi wa darasi da safe shi ne ƙaramin da ake aika ya sawo gawayi da sukari a fadar nan. Ni ina da shi awa biyu a mako, fada tana da shi kowane dare. A wajenku ma na ji a baya UNICEF ta ce yara miliyan 10.5 ba su zuwa makaranta kuma mafi yawansu a arewa suke. To Malama in kin tsara naki ki nemi mai unguwa da limami da shugabannin samarin unguwar, ko da manyan fada biyu ne suka yarda cewa ba a ba ƙarami, kin yi babban aiki. Maganar Alhaji ta malamin addini ina tare da shi, sai dai ya zama malamin da yaran ke iya zuwa wurinsa su faɗi damuwarsu, ba wanda zai tsine musu daga kan mumbari ya tafi ba.

Ɗan Zariya:

Mushe ka taɓo inda ya fi muhimmanci. Ƙasar da aka fi kafa misali da ita a wannan ita ce Iceland, kuma su ba da lakca suka yi ba. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu a watan da ya wuce, zuwa 2016 ya dawo kashi 5, masu shan sigari kullum daga 23 suka dawo 3. Abin da suka yi, duk shekara ana raba wa yara takardar tambayoyi ba suna, kowace unguwa a ba ta sakamakonta ta ga inda take, aka sa dokar cewa 'yan 13 zuwa 16 ba sa yawo bayan ƙarfe 10 na dare lokacin sanyi, iyaye suka riƙa yarjejeniya tsakaninsu cewa kowa zai san inda ɗansa yake da su wa yake tare, hukuma kuma ta zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sauran abin yi bayan an tashi makaranta ƙarƙashin babba mai lura. Ƙasa ce ƙarama mai kuɗi, mutanenta ba su kai na ƙaramar hukuma ɗaya ta cikin Kano ba, ba za mu kwafe ta sak ba. Amma yarjejeniyar iyaye ba ta cin ko sisi, a taron PTA za a iya yi. Ƙwallon yamma da Na Daina ya faɗa, da a filin makaranta ake yi da koci a tsaye da labarin ya canza.

Kuma in makarantarku tana da firamare ku fara daga can. A Baltimore ta Amurka a tsakiyar shekarun 1980 an gwada wani abu da 'yan aji ɗaya da biyu, a raba aji ƙungiyoyi, ƙungiyar da ta kiyaye dokar aji ta samu lada, ko sunan ƙwaya ba a ambata. Da aka bi su har suka kai 19 zuwa 21 sai aka ga matsalar shaye-shaye ta ragu sosai a mazan, musamman waɗanda suka fi rashin ji tun suna ƙanana.

Abban Sadiq:

Na karanta duka. Yarona Na Daina Allah ya ƙara shirya mana ku, maganarka ta taɓa ni wlh, ban taɓa tunanin inda korarren yake zuwa ba. Lakca na yarda a sauya salo. Amma gwaji har yanzu ina kan bakana, ni uba ina so in sani da wuri, in ba a gwada ba ta yaya zan sani? Sai dai a bar korar, a kira uban a gaya masa a asirce.

Anti Nas:

Alhaji ranka ya daɗe bari in amsa maka wannan, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu taɓin hankali. Gwajin fitsari yana da amfani a asibiti in muna bin wanda muke yi wa magani, amma a ce a jera yaran makaranta kaf a gwada, ba ya ba da abin da kake nema. Yawancin ƙwayoyin nan 'yan kwanaki ne suke nunawa a fitsari, yaron da ya ji ƙishin-ƙishin za a gwada sai ya ɗan dakata ko ya karɓi fitsarin ƙaninsa a 'yar kwalba, sholisho da fetur da makamantansu tsinken gwajin da aka saba ba ya kama su sam, tiramol ma sai in tsinken yana da layinta na musamman, sannan wani maganin mura ko na asibiti yana iya sa ya nuna ƙarya a ɓata wa yaro suna a banza. A Amurka masu bincike na jami'ar Michigan sun kwatanta makarantu masu gwaji da marasa yi a 2003 ba su ga bambanci a yawan sha ba, ƙungiyar likitocin yara ta can ma ba ta goyon bayan a riƙa yi wa kowa. Kuɗin tsinken nan gara a biya wa malamai biyu horo. In kuma uba ya ga alama a ɗansa ya kawo shi asibiti da kansa, a nan za a gwada a kuma zauna da yaron.

Malama kar ki manta da matan ajinki. Binciken 2018 ɗin nan ya ce cikin masu sha huɗu ɗaya mace ce, amma su ba a ganinsu a lungu, a ɗaki suke, a gidan biki da wajen ƙawaye ake koya musu, sirof a cikin lemo ko ƙwayar bacci, kuma iyaye sun fi ɓoye tasu saboda maganar aure har sai abin ya yi nisa. Darasin su a ware musu wani lokacin su kaɗai da malama mace, za ki ji abin da ba za su faɗa a gaban maza ba.

Wanda ya riga ya yi nisa kuma ba aikin kulob bane, kar ku ce za ku raba shi da ita da bulala ko ku kulle shi a ɗaki. Mai shan roci ko diazepam kullum in aka yanke masa lokaci ɗaya yana iya kamuwa da jijjiga har ta kai ga rasa rai, a hankali likita yake rage masa. Mai tiramol kuma zai yi ciwon jiki da zufa da gudawa da rashin bacci, in ba a taimaka masa ba komawa zai yi. Kuma dan Allah a daina kai su gidan mari, kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, sama da mutum 300 wasu da sarƙa a ƙafa har da ƙananan yara. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen masu taɓin hankali na asibitin Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai na Barnawa, a Sakkwato na Kware, a Maiduguri ma akwai na tarayya. Ki rubuta a cikin tsarin da za ki kai wa firinsifal cewa yaron da aka kama za a kira iyayensa a ofis ba a asambuli ba, a ba su takardar zuwa asibiti, a bar masa kujerarsa in ya dawo, a kuma sa malami ɗaya da yaron ya yarda da shi ya riƙa ganinsa duk sati.